Yadda ake gane nawa ɗalibi zai samu a tallafin Pell Grant na Amurka

Satin da ya wuce wani yaro nan unguwarmu Birnin Kebbi ya zo min da waya, wai an turo mishi link na Pell Grant a WhatsApp, ya biya dubu sha biyar a cike mishi fom gwamnatin Amurka za ta biya mishi makaranta. Wallahi raina ya ɓaci, don yaron shina da ƙoƙari kuma ubanshi manomin shinkafa ne da ke fama. To bari in faɗa tun farko, wannan tallafi na ɗan ƙasar Amurka ne, ko mai girin kad (katin izinin zama na dindindin a Amurka), ko wanda anka ba mafaka. Wanda ya tafi da bizar karatu daga nan ba ya ciki, kuma fom ɗin kyauta ne, duk wanda ya ce ka biya ɗan damfara ne.

Amma muna da 'yan uwa can, akwai ɗiyan da anka haifa can ma sunka girma nan Kebbi, su wannan haƙƙinsu ne, ga yadda za su yi.

Ka shiga studentaid.gov ka buɗe akawun, kai da mahaifinka ko mahaifiyarka kowa nashi daban, sai ku cike fom ɗin da ake ce ma FAFSA. Abin da suke dubawa shi ne kuɗin shigar gidanku da dukiyarku da yawan mutanen gida, daga nan su fitar maka da wata lamba, SAI. Lambar nan ita ce babban ma'auni, duk yadda ta yi ƙasa haka kuɗinka ke ƙaruwa, tana iya sauka har ƙasa da sifili zuwa -1,500.

Mafi yawan abin da ake ba mutum a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 dala 7,395 ne, mafi ƙanƙanta dala 740. Lissafin ba wuya, ka cire SAI ɗinka daga 7,395, misali in taka 2,000 ce to kana kallon dala 5,395, in kuma sifili ce ko ƙasa da haka ka samu cikakke. Sai dai fa cikakken na mai ɗaukar kiredit 12 ko fiye ne a zango (kiredit shi ne ma'aunin yawan darussan da kake ɗauka), in ka ɗauki 6 saboda kana aiki, rabi za a ba ka, nan ne yara da yawa ke mamaki in kuɗin sun zo.

Pell Grant kyauta ce, ba a maido ta, ta bambanta da NELFUND ɗinmu na nan wanda bashi ne. Amma tana da iyaka, zango 12 kawai a duk rayuwarka, kusan shekara shida kenan, kuma in ka riga ka gama digirin farko galibi shike nan. In ka bar makaranta tsakiyar zango ana iya cewa ka maido wani abu, don Allah a kiyaye wannan.

Akwai kuma FSEOG, wani tallafin karatu na gwamnatin Amurka, dala 100 zuwa 4,000, ita makaranta ke rabawa kuma tana ƙarewa, shi ya sa nake cewa da an buɗe FAFSA, yawanci 1 ga Oktoba, a cike da wuri, kuma kowace shekara sai an sake cikewa.