Yadda Ake Haɗa Tawadar Allo a Gida

Masu ta tambayata kan tawadar allo, ga yadda nake yi:

1. Samo gawayi mai kyau. Ni na fi son na itacen aduwa.
2. Daka shi a turmi ya yi laushi.
3. Tankaɗe.
4. Jiƙa ƙaro a ruwan ɗumi ya kwana.
5. Tace ruwan ƙaron da tsumma mai tsabta.
6. Zuba garin kaɗan-kaɗan kana damawa.

Hattara a nan! Ƙaro ya yi yawa, tawada ta riƙa liƙewa a bakin alƙalami. Ya yi kaɗan, rubutu ya kakkaɓe da ya bushe.

7. Gwada a allo da alƙalamin kara.
8. Juye a kurtu wankakke, don akan wanke rubutu a sha.