Kurakuran masu zuwa hawan duwatsun Rumsiki

Rumsiki ƙauye ne a arewacin Kamaru. Daga Marwa zuwa Mokolo kusan kilomita 80 ne, sannan wasu 50 da 'yan kai zuwa Rumsiki, a kan hanya mai cin lokaci. Sai ka ga mutum ya taso da hantsi, ya iso da azahar, wai zai hau. A watan Afrilu dutsen kan yi zafin da tafin hannu ba zai jure ba. Ka kwana a garin, ka fita bayan sallar asuba. Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi, ko da yake hazo kan rufe kwarin. Da damina kuwa santsi ne.

Silifas ba na nan ba ne, kuma ledar ruwa biyu ba guzuri ba ce.

Babban kuskure shi ne raina dogayen duwatsun nan masu tsini, irin su Zivi. Aman wuta ne da ya daskare, ƙasar da ke kewaye ta zaizaye ta bar shi tsaye kamar taɓarya. Daga ƙasa sai ka ga ai ga wurin kamawa. Ka yi sama kaɗan, ka waiwayo, inda ka taka ɗazu ya ɓace maka, gwiwa ta fara rawa. Saukowa ta fi hawa wuya. In babu igiya, hular kwano da wanda ya iya ɗauri, ka tsaya a hanyoyin ƙafa na gindin dutsen. Duk abin da za ka kama, fara bubbuga shi. In ya yi amo kamar ƙwarya, bar shi.

Akwai kuma masu ɗaukar wurin kamar dajin da ba mai shi. Jerin duwatsun da ke gangaren, Kapsiki, mutanen yankin, su ne suka shirya su da hannu don su tare ƙasar gonakin dawa. Ka ture ɗaya, ka ba wani aiki. Wasu wuraren na tsafi ne, baƙo ba ya shiga. Ɗauki ɗan jagora daga ƙauyen, ku gama ciniki da sefa tun kafin ku tashi, kuma kada ka ɗaga waya kan mata ko tsohon bokan ƙauyen mai duba da ƙaguwa sai ka nemi izini.

Iyakar Najeriya na nan kusa, tana bin kwarin, ana iya tsallaka ta ba a sani ba. Katin shaidarka ya kasance a aljihu, ka kuma tambayi jandarmomin Mokolo halin tsaron hanya kafin ka wuce.