Masu haɗa sabulu, ku jiƙa soda tun daren jiya

'Yan'uwa mata, ku narkar da kostik soda tun da dare, sai da safe idan ruwan ya huce ku haɗa sabulu. Kuma sodar ake barbaɗawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa. Kada ki taɓa kwara ruwa a kan soda.

Ga dalili. Soda idan tana narkewa zafi take fitarwa, abin da masu ilimin sinadarai ke kira canjin entalfi. Giram 40 kacal yana sakin kusan kilojul 44 (kilojul ma'aunin yawan zafi ne), wanda zai ƙara wa lita ɗaya ta ruwa zafin digiri 10. To ina ga rabin kilo? Ni na taɓa yin gaggawa, bokitina ya yi laushi a hannuna, tururi ya shaƙe ni, man da na saya ya tafi a banza.

Ki ɗebi ruwan randa mai sanyi, ki sa safar hannu, ki yi a tsakar gida.

Amma idan ruwan ya sha rana ko ya yi kaɗan, zai iya tafasa ya fantsamo miki. Tukunyar alminiyam kuwa kada ki kusance ta, soda cin ta take yi. Roba mai kauri za ki nema, ki rufe, ki ajiye inda yara ba sa kaiwa.