Kafin ka biya kuɗin tsohuwar a-kori-kura

Ni idan zan duba tsohuwar Fijo 504 a-kori-kura, irin wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, ba na kallon fenti. Buhu nake shimfiɗawa in shiga ƙarƙashinta da tocila da ɗan guduma. Ka ƙwanƙwasa shasi, wato ƙarfen ƙasa da ke ɗauke da jikin motar, musamman inda sifirin na baya ya kama. In ƙarfen ya yi ƙara tas, to madalla. In ya ce "ɗuf" tsatsa na zubo maka a fuska, tashi ka kaɗe rigarka ka tafi. Inji ana samunsa a kasuwar Ƙofar Ruwa da ke Kano, amma ruɓaɓɓen shasi, walda ba ta mayar da shi.

Ka je da sassafe, ka ce kada a tayar da ita sai ka iso. Shuɗin hayaƙi daga salansa, tana shan baƙin mai ke nan. Zaro sandar mai: in ya yi fari kamar kunun gyaɗa, ruwa ya shiga.

Maganaɗisu ma yana tona asiri, ba ya kama wurin da aka lafta fila, wato abin da ake cike lotsawar jikin mota da shi kafin a yi fenti.

Lambar shasi kuwa, ka gwada ta da takardu harafi bayan harafi. Na taɓa yin sakaci a nan, motar ta yi wata huɗu a ajiye a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi da ke Kano.