Yadda ake bambance ire-iren ciyawar agwagwa a kududdufan Kano

Koren nan da ke rufe fuskar kududdufi bayan damina, wanda daga nesa sai ka ɗauka abu ɗaya ne, galibi taron tsirrai ne iri biyu ko uku. Ciyawar agwagwa ce, ƙananan dangin kainuwa, kuma masana sun ƙidaya jinsinta 36 a duniya. Mai kiwon tarwada ko kaji da ke son rage kuɗin abincin buhu ya kamata ya san wacce ya ɗebo, domin wadda babban kifi zai haɗiye ta fi ƙarfin bakin ƙanana.

Ka tanadi moɗa ɗaure a jikin gora, da rariya, da kofin gilashi, da tsinken sakace, da wayarka. Ɗebo daga bakin ruwa kana tsaye a tudu. Kada ka tsunduma ƙafa, ruwan kwance gidan tsargiya ne. Ɗauraye abin da ka samu a rariya, ka zuba kaɗan a kofi da ruwa mai tsabta.

Fara da fitar da baƙi. Kainuwa kowa ya santa, ganyenta manya masu gashi. Gansakuka zare-zare ce mai santsi, ba ta da ganye. Wadda ke ruɗar mutane ita ce Azolla: ka duba da kyau, za ka ga tana da rassa, ganyenta ƙanana suna hawan juna, kuma takan yi ja idan rana ta dame ta. Ita ma abincin dabbobi ce, amma ba 'yar gidan ba ce.

Yanzu ɗaga kofin daidai idonka ka kalle shi ta gefe. Yawancin aikin a saiwa yake, launin sama kaɗai ba ya wadatarwa. Abin lura, ganyen kan manne biyu, uku ko huɗu wuri ɗaya, don haka sai ka raba su da tsinke, ka ƙirga saiwar ganye guda. Saiwar kuma tana saurin tsinkewa, ka duba kamar goma kafin ka yanke hukunci.

Idan babu saiwa sam, kuma tsiron bai wuce milimita 1 ko kusa da haka ba, Wolffia ce. Murza ta tsakanin yatsu, za ka ji ta kamar tsaki. A duk tsirrai masu fure babu wanda ya kai ta ƙanƙanta, shi ya sa ta dace da ƙananan kifi.

Saiwa da yawa a ganye ɗaya, bakwai zuwa sama, ganyen kewayayye mai faɗin da kan kai milimita 10, wannan Spirodela ce. Kifa ta da tsinke, cikinta ja ne mai duhu. Akwai Landoltia mai irin wannan jan ciki, sai dai ganyenta ya fi tsukewa, saiwarta daga 2 zuwa 7.

Saiwa ɗaya tak, Lemna ke nan, kuma a nan ne ido ke gazawa. Ɗora ta a farin faranti da ɗigon ruwa, ka ɗauki hoto kusa-kusa a hasken rana, ka buɗa shi. Lemna aequinoctialis, wadda ta fi yawa a ƙasashe masu zafi irin namu, saiwarta gajera ce, ba ta wuce santimita 3, bakinta da tsini, ganyenta kuma ba ya yin ja. Lemna minor saiwarta kan fi tsawo, bakinta a dakushe. Idan cikin ganyen ya kumbura ya yi tozo, Lemna gibba ce. A ganina mai kiwo ya tsaya a sanin cewa Lemna ce ya wadatar, sauran aikin masu madubin ɗakin bincike ne.

Wadda ka zaɓa, ka ba ta bahonta daban a inuwa-inuwa. Cikin kwana biyu zuwa uku takan ninka kanta idan ruwan na da taki, kuma in ka haɗa su wata za ta danne wata. Irin da za ka shuka kuwa kada ya fito daga Jakara ko magudanan masana'antun Bompai, Sharaɗa da Chalawa. Tsiron yana zuƙe gubar ƙarafa daga ruwa, kifi ya ci, kai ma ka ci kifin.