Kafin ka biya kuɗin lasisin fasahar waya, ga abin da za ka bincika

Yaranmu na yankin Kura da Garun Malam sun fara haɗa 'yan akwatunan da ake sa wa layin waya, manomi yana gida ya tura saƙo injin ban-ruwansa ya tashi a Kadawa. Wasu na bin sawun babur suke haɗawa. Ɗan ƙanena yana cikinsu, kuma abin yana faranta mini rai ƙwarai. Sai dai na yi shekaru a sashen kwangila na wani kamfanin shigo da kayan sadarwa kafin na dawo gida, na kuma san akwai haƙƙin wasu da ke biye da duk na'urar da ke magana da turken sadarwa.

Ga asalin abin. Wayar Tecno tana iya kiran Samsung ne saboda duk ƙa'ida ɗaya suke bi, wadda kamfanoni suka taru suka rubuta a ƙarƙashin 3GPP, haɗakar da aka kafa a 1998. A cikin ƙa'idar akwai dabarun da wasu kamfanoni suka ƙirƙira suka yi wa rajistar mallaka, irin su Ericsson, Nokia, Qualcomm da Huawei. Idan ba yadda za a yi ka bi ƙa'idar 4G sai ka taka dabarar wani, to haƙƙinsa ya zama na dole. Kamar hanyar ruwa ce da ta ratsa gonar mutum ɗaya kafin ta iso ga kowa. Don kada ya datse ta, ETSI, hukumar ƙa'idojin sadarwa ta Turai da ke kudancin Faransa, takan karɓi alkawari daga gare shi cewa zai ba da lasisi bisa adalci, a farashi daidai gwargwado, ba tare da fifita wani a kan wani ba. Wannan alkawari shi ake kira FRAND, kuma shi ne madogararka.

Aikin farko tun wajen sayayya yake. Ɗan allon da ake sa layi a ciki, wanda kuke odarsa daga Sin, ba lalle ne kuɗin lasisi na cikin farashinsa ba. Ka tambayi mai sayarwa a rubuce: lasisin su wa ya biya, na wane zango, 2G ko 4G, kuma idan wani ya taso maka zai tsaya maka? Amsar “babu matsala” ta WhatsApp ba ta isa ba. A sa shi cikin takardar ciniki.

Idan kasuwa ta buɗe har wasiƙa ta zo daga wani kamfani cewa kana amfani da haƙƙinsa, kada ka yi shiru, kada kuma ka yi gaggawar biya. A Yulin 2015 kotun Tarayyar Turai, a shari'ar Huawei da ZTE, ta shimfiɗa yadda ake tafiyar da wannan ciniki: mai haƙƙi ya sanar da kai wane haƙƙi ne da yadda ka taka shi, kai ka nuna a shirye kake ka karɓi lasisi, shi ya kawo tayi a rubuce da bayanin lissafinsa, kai ka amince ko ka mayar da naka tayin ba da ja-in-ja na ɓata lokaci ba. Hukuncin bai ɗaure kotunan Nijeriya ba, amma masu wannan harka da shi suke auna wanda ya zo da gaskiya. Mai shiru shi ake ɗauka ya ƙi biya.

Daga nan sai tantancewa, kuma nan ne nake so ku fi natsuwa. ETSI ba ta bincika ko haƙƙin da kamfani ya ayyana na dole ne da gaske. Kamfanin ne ke faɗa da bakinsa, kuma sukan ayyana fiye da kima don gudun a ce sun ɓoye. Saboda haka ka nemi jadawalin da ke jera kowace da'awa ta haƙƙin kusa da sakin layin ƙa'idar da ta dace da shi, ka ba injiniyan sadarwa ya duba. Sau da yawa za ka tarar dabarar ta shafi turke ne ba na'urar hannu ba, ko tana cikin sashen da bin sa ganin dama ne, akwatinka ma bai taɓa amfani da shi ba. Ka duba shekaru kuma. Haƙƙin ƙirƙira shekara 20 yake yi daga ranar da aka shigar da takarda. GSM, wato 2G, ta fara aiki a Turai a 1991, ta iso mana a 2001, don haka mafi yawan haƙƙoƙin 2G na asali wa'adinsu ya ƙare. Na 4G da 5G kuwa da saura.

Sai ƙasa. Haƙƙin da aka yi wa rajista a Jamus ko Amurka ba ya aiki a Kano sai an yi masa rajista a Nijeriya, a ƙarƙashin dokar 1970, a ofishin rajista da ke Abuja. Ofishin namu takardu yake dubawa, ba ya tantance ko ƙirƙirar sabuwa ce, don haka rajistar kaɗai ba ta tabbatar da ƙarfin haƙƙin ba. Amma ku lura da inda aka ƙera allon, da inda kaya za su je. Wanda ya fara kai akwatunansa Maraɗi ko Damagaram ya shiga yankin OAPI, ƙungiyar rajistar mallakar fasaha ta wasu ƙasashen Afirka ciki har da Nijar, inda rajista ɗaya a Yawunde ke rufe ƙasashe 17.

Farashi hanya biyu ake bi a gano shi. Ta farko, a dubi abin da wasu suka biya. Ericsson ta bayyana dala 2.5 zuwa 5 a kan kowace wayar 5G, Nokia ta ce ba za ta wuce yuro 3 ba, Huawei dala 2.5. Waɗannan na wayoyi ne, kuma farashin buɗe baki ne, bai kamata a ɗora su a kan akwatin da saƙo kawai yake turawa ba. Ta biyu, daga sama a gangaro. A ce akwatinka dala 20 ne, a ce jimillar abin da duk masu haƙƙi za su karɓa kashi 10 cikin 100 ne, wato dala 2. Idan mai wasiƙar yana da 2 cikin kowane 100 na haƙƙoƙin da suka tabbata na dole, rabonsa senti 4 na dala ne. Ni na fi amincewa da wannan lissafi ga ƙaramin mai sana'a, domin yarjejeniyoyin manya a asirce suke, ba za ka ga abin da suka biya da idonka ba.

Akwai kuma masu tara haƙƙoƙin kamfanoni da yawa su sayar a dunƙule, kamar Avanci da ke karɓar dala 20 a kan motar 4G, da Sisvel mai shiri na ƙananan na'urori. Ka tambayi jerin waɗanda ke ciki, domin wanda ba ya ciki zai iya zuwa daban.

Kafin ka sa hannu, lauyan da ya san harkar mallakar fasaha ya karanta maka abu uku: ko an yafe abin da ka sayar a baya, ko za a rage kuɗin idan haƙƙoƙin suka ƙare a tsakiyar yarjejeniya, da kotun da za a je idan an saɓa. Tun hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na 2020 a shari'ar Unwired Planet da Huawei, kotu a can na iya yanka farashin lasisin duniya baki ɗaya, don haka wannan sharaɗi na kotu ba ƙarami ba ne. Sannan a kai yarjejeniyar NOTAP, hukumar Nijeriya mai kula da shigo da fasaha daga waje, a yi mata rajista, domin da takardarsu banki zai tura kuɗin lasisi waje ta hanyar hukuma.