Idan Makro Ya Ƙi Aiki Saboda Office Biyu a Kwamfuta Ɗaya

Makro jerin umarni ne da ake ajiyewa a fayil ɗin Excel don ya riƙa yin wani aiki da kansa. Idan ya ƙi aiki, sau da yawa laifin ba na makro ba ne. An ɗora Office 2016 ne a kan na 2010 ba tare da an cire tsohon ba, sai Excel ya rasa wanda zai bi.

1. Kwafi fayilolinka zuwa filash tukuna.

2. Shiga Control Panel, sannan Programs and Features, ka cire tsohon Office ɗin.

3. Zaɓi wanda ya rage, danna Change, sai Online Repair. Yana cin data da lokaci, amma ya fi Quick Repair gyara irin wannan matsala.

4. Buɗe fayil ɗin Excel mai makron, danna Alt da F11 tare, a tagar da ta buɗe ka je Tools, sai References. Duk layin da ya fara da MISSING, cire alamarsa. Yawanci nan ɓarnar take, domin makro yana neman abin da ya tafi tare da tsohon Office.

5. Har yanzu maɓallan makro da ke cikin fayil ɗin sun ƙi dannuwa? Rufe Excel, rubuta %temp% a Run (akwatin rubuta umarni na Windows), goge fayilolin .exd da ke cikin foldodin Excel8.0 da VBE. Kada ka damu, Excel zai sake ƙirƙiro su da kansa.